Gobarar tsawa a gandun daji: a kashe ta ko a bar ta ta ci?

Idan tsawa ta faɗa a gandun daji har wuta ta tashi, zaɓi biyu ne: a kashe ta nan take, ko a bar ta ta ci ana sa mata ido.

Kashewa ta fi kwanta wa mutane a rai. Sai dai busasshiyar ciyawa da ƙirare za su yi ta taruwa shekara da shekaru, ranar da wuta ta kufce kuwa, ba mai tare ta.

Barin ta ci yana share wannan tarin, toka ta zama taki. Gandun Yellowstone na Amurka ya fara bin wannan tsari a 1972. Akwai ma bishiyar da kwanson irinta ba ya buɗewa sai ya ji zafin wuta. Amma a 1988 fari da iska suka haɗu, wutar tsawa da wadda mutane suka tayar suka cinye sama da kashi ɗaya cikin uku na gandun.

Mu a Kaduna, tsawa da damina take zuwa, ciyawa na ɗanya. Wutar hunturu ce abin tsoro, ita kuma galibi hannun mutum ke cinna ta. A daji irin Kamuku na Birnin Gwari, ga ƙauyuka da gonaki kewaye, ni dai na zaɓi a kashe.