Anti-bairos na kyauta a kwamfutar gida: abin da ya yi min da inda ƙarfinsa ya tsaya

Kwamfutar gidanmu laftof ce ta gwanjo, mai Windows 10 da RAM giga 4. Ni ina rubuce-rubuce da lissafin shago a kanta, uwargida tana shirya darasin ɗalibanta, yara kuma suna kallo idan an gama aikin makaranta. Shekaru ke nan ban biya ko kwabo a kan anti-bairos ba, kuma har yau ban ga dalilin da zai sa mai kwamfuta irin tawa ya biya ba. Sai dai akwai sharuɗɗa, kuma su ne suka sa na zauna rubuta wannan sharhi, domin na ga mutane da yawa sun dogara da manhajar kyauta a wurin da ba ta da abin yi musu.

Wanda nake amfani da shi kullum shi ne Microsoft Defender, wanda yake zuwa a cikin Windows 10 da 11 ba sai an sauke ba. A da ana raina shi, masu gyara ma ba sa lissafa shi a cikin anti-bairos. Yanzu labari ya sha bamban. Akwai cibiyoyi masu zaman kansu da ke gwada waɗannan manhajoji, irin su AV-TEST a Jamus da AV-Comparatives a Ostiriya. AV-TEST tana ba da maki 6 a kowane fanni uku, wato kariya da sauri da sauƙin amfani, kuma a 'yan shekarun nan Defender yakan ci cikakken maki a fannin kariya, kafaɗa da kafaɗa da waɗanda ake saye da dala. Abin da ya fi burge ni da shi ba makin ba ne, shirunsa ne. Ba ya tallata min komai, ba ya neman lambar katin banki, kuma bai taɓa firgita ni da jan rubutu don in sayi wani abu ba. Idan ya kama mugun fayil sai ya killace shi, ya sanar da ni, shi ke nan.

Kafin in tsaya a kansa na yi amfani da ɗaya daga cikin sanannun na kyauta da ake saukewa. Wajen kama bairos ya yi aikinsa, ba zan zalunce shi ba. Amma duk lokacin da na kunna kwamfuta sai ya fito da sanarwa cewa ya gano “matsaloli” barkatai, ina danna gyara sai ya kai ni shafin biyan kuɗi. Ga shi ya yi wa laftof ɗin nauyi, buɗe Word ma sai an jira. Hankalin uwargida ya riƙa tashi tana zaton takardunta na cikin haɗari, alhali talla ce kawai. Wannan tsoratarwa ce ta sa na cire shi.

Kamfani ba ya raba kaya kyauta don Allah, dole akwai inda yake mayar da kuɗinsa. Wasu da talla, wasu da bayanan masu amfani. A watan Fabrairun 2024 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka, FTC, ta sanar da cewa kamfanin anti-bairos na Avast zai biya dala miliyan 16.5 saboda sayar da bayanan shafukan da mutane ke ziyarta ta hannun wani reshensa mai suna Jumpshot, wanda kamfanin ya rufe a 2020 bayan da 'yan jarida suka bankaɗo lamarin. Kuma mai ganin ya tsere idan ya koma wani anti-bairos ɗin mai suna AVG ya sani cewa Avast ya sayi AVG tun 2016, yanzu kuma su biyun da Avira da Norton duk suna ƙarƙashin kamfani ɗaya, Gen Digital. Ban ce kada kowa ya yi amfani da su ba. Wanda zai saka su dai ya shiga saitin sirri ya kashe duk wani zaɓi na raba bayanai, kada ya yi ta danna “na yarda” ido rufe.

Na biyu da nake ajiyewa shi ne Malwarebytes na kyauta. Shi ba ya gadi dare da rana. Idan kwanakin gwaji suka ƙare sai ya koma mai bincike kawai, sai ka umarce shi yake aiki. Wannan ya dace da ni, don ba ya rikici da Defender. Inda ya fi amfani shi ne share tarkacen da ke maƙalewa a burauza, irin masu canza shafin farko ko masu cika allo da tallar caca. Masu gadi biyu kuwa a lokaci guda ba ƙarin tsaro ba ne, nauyi ne da faɗa tsakaninsu, shi ya sa Defender yake janyewa da kansa idan an saka wani.

Sai batun filas, wanda a wurinmu shi ne babbar ƙofar cuta. Ka kai takarda shagon buga takardu, ka dawo gida, ka tarar duk foldodinka sun zama shotkot, wato 'yan alamomi masu nuna hanya kawai, ba ainihin foldodin ba. A nan ne Smadav, ɗan ƙaramin anti-bairos na Indonesiya, ya yi suna a shagunanmu, kuma ya cancanci sunan a wannan fanni, don yana iya dawo da fayilolin da aka ɓoye. Amma masu shi da kansu suna cewa ƙarin kariya ne, ba babban mai gadi ba. Yana ba ni takaici in ga an kashe Defender an bar Smadav shi kaɗai. Wanda filas ɗinsa ya kamu kada ya yi gaggawar yi masa famat, wato goge duk abin da ke ciki, domin yawanci fayilolin suna nan, ɓoye su aka yi. Kada kuma ya danna shotkot ɗin, dannawar ce take tayar da cutar.

Iyakar anti-bairos ta farko da na gani ita ce data. Anti-bairos yana gane mugun fayil ne da bayanan da ake sabunta masa, wani sashen kuma sai ya tambayi sabar kamfaninsa, wato babbar kwamfutarsu, ta intanet a daidai lokacin. Gwaje-gwajen AV-Comparatives sun sha nuna cewa yawan abin da Defender ke kamawa yana raguwa sosai idan babu intanet. Mu kuwa da yawanmu sai an kunna hotspot na waya ake shiga intanet, a yi abin da za a yi a kashe don kada data ta ƙare. Kwamfutar da ta yi wata biyu ba ta sabunta ba, alamar anti-bairos da ke ƙasan allonta ba ta nufin komai. Ni na mayar da shi al'ada, duk ranar da na sayi data sai na buɗe Windows Security, inda saitin Defender yake, na danna neman sabuntawa kafin in yi wani abu.

Iyaka ta biyu ita ce ta fi damuna, wato manhajojin sata da ake kira kirak. Mai gyara zai saka maka Office ko Photoshop ko CorelDRAW na kirak, kuma don su zauna sai ya kashe anti-bairos, wani ma ya kashe shi kwata-kwata ya miƙo maka kwamfutar a haka. Tamkar ka sallami maigadi ne don baƙo ya ce ba ya son a bincike jakarsa. Ta wannan hanya wata muguwar manhajar neman kuɗin fansa mai suna STOP/Djvu ta fi yaɗuwa. Tana kulle hotuna da takardu, ta bar wasiƙa tana neman kuɗi, wanda shekaru da dama ya kasance dala 980, ko 490 idan an biya cikin awa 72. Wani ɗan'uwana mai ɗaukar hoton biki ya faɗa hannun irinta, hotunan mutane na watanni suka ƙi buɗuwa. Anti-bairos ya cire cutar daga baya, amma bai buɗe ko hoto ɗaya ba, domin cirewa daban, kwance kulle daban. Akwai shafin No More Ransom da hukumar 'yan sandan Turai ta Europol da abokan aikinta suka kafa a 2016, yana ba da mabuɗan wasu nau'o'in kyauta. A gwada shi kafin a fid da rai, sai dai ba kowane nau'i ne yake da mabuɗi ba. A cikin Defender kuma akwai wani saiti mai suna Controlled folder access da ke hana baƙuwar manhaja taɓa foldodin takardu da hotuna. A kashe yake zuwa, sai mutum ya kunna da kansa. Wani lokaci yakan tare manhaja mai gaskiya har sai ka ba ta izini, amma ni na yarda da wannan ɗan wahalar.

Damfarar waya da saƙon ƙarya, inda ake yaudarar mutum ya ba da lambar OTP ko kalmar sirrinsa da bakinsa, wannan babu ruwan anti-bairos da ita, na kyauta ne ko na kuɗi.

Akwai kuma tsufan Windows ɗin kanta. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 7 a ranar 14 ga Janairun 2020, Windows 10 kuma a ranar 14 ga Oktoban 2025. Defender zai ci gaba da samun bayanan sababbin cututtuka a Windows 10 har zuwa 2028, amma toshe ramukan da ke jikin Windows ba aikinsa ba ne. Laftof ɗina tana cikin tsofaffin da Windows 11 ba ta karɓa, don haka na daina shiga banki da ita, na koma yin hakan a waya.

Kuɗin da zan biya na anti-bairos a shekara, hadis na waje, wato ma'ajiyar fayiloli da ake jonawa a zare, na saya da su. Duk ƙarshen mako nakan kwafe takarduna da na uwargida da hotunan yara a ciki, in zare shi in saka a durowa. Zarewar tana da muhimmanci, domin manhajar neman fansa tana kulle har abin da ke cikin hadis ko filas ɗin da ta tarar a jone.