Ratzeburg ko Schwerin: ina ya fi dacewa ka kashe kuɗin yawonka na kwana ɗaya?

Duk wanda ya daɗe a Hamburg ya san akwai lokacin da gari ke isar mutum, aiki gida aiki gida, kana son ka fita ko na yini ɗaya ne ka sha iska ba tare da aljihu ya yi kuka ba. Garuruwa biyu ne mutane suka fi ambata idan ana maganar tsohon gari a bakin tafki mai babban coci na tarihi, wato Ratzeburg da Schwerin. Na je dukansu, kuma gaskiya ba kaya ɗaya ba ne, don haka kafin ka sayi tikiti gara ka san me kake nema.

Ratzeburg ƙaramin gari ne, mutanensa ba su fi dubu 15 ba, kuma tsohon garin a kan tsibiri yake, ruwa ta ko'ina, hanyoyi uku kawai suka haɗa shi da tudu. Cocin nan da ake zuwa gani Heinrich, basaraken Saxony na wancan zamani, shi ne ya sa aka gina, wanda ake wa laƙabi da Zaki, an kafa kujerar bishop a 1154, ginin kuma ya kammala wajen 1220, duk da jan bulo aka yi shi kuma yana cikin mafi daɗewa irinsa a arewacin Jamus. A gabansa akwai mutum-mutumin zaki a kan dogon dutse, yarana sun fi damuwa da shi fiye da cocin ma. Ni musulmi ne, kallon gini da tarihi ya kai ni, amma wallahi da ka shiga ka ji sanyi da shirun wurin, ka ɗaga kai ka ga yadda aka jera bulo ɗaya bayan ɗaya shekara ɗari takwas da suka wuce kuma har yau bai motsa ba, sai ka tuna da maginan da ke cewa siminti ne ya yi ƙaranci shi ya sa katanga ta tsage. Abin da zai ba ka mamaki shi ne titunan garin a miƙe suke kamar an ja da igiya, ba irin lungu-lungun tsofaffin garuruwa ba. Dalili kuwa a 1693 sojojin sarkin Denmark, Christian na 5, suka yi wa garin ruwan wuta suka kusa shafe shi, cocin da 'yan gidaje ne suka tsira, sai aka sake zana garin daga farko.

Schwerin ita kuma babbar yaya ce. Hedikwatar jihar Mecklenburg-Vorpommern ce, mutane kusan dubu 100, shi dai wannan Heinrich ɗin ne ya kafa ta a 1160. Hasumiyar cocinta ta kai mita 117 da rabi, ana hawa idan gwiwa na da ƙwari, amma maganar gaskiya fadar da ke kan tsibiri ce ke jan mutane, wadda majalisar jihar ke zama a ciki, kuma a 2024 UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya. In hoton da za ka tura gida kake so, wanda 'yan uwa za su ce lallai wane yana Turai, to Schwerin ce, ba gardama. Sai dai akwai jama'a, motocin 'yan yawon buɗe ido na ta sauke mutane, kuma shiga gidan tarihin fadar da kuɗi ne.

Yanzu maganar tikiti, nan ne mutane ke asara ba su sani ba. In kana da Deutschlandticket, wato tikitin wata da ke aiki a duk faɗin Jamus, shikenan ka huta, yana kai ka duka biyun a jiragen ƙasa na yanki da bas, amma ban da ICE da IC, wato jiragen ƙasa masu sauri na dogon zango, kar ka kuskura ka shige su da shi. Ya fara a yuro 49 a 2023, ya koma 58 a 2025, kuma ka tuna biyan wata-wata ne da ke sabunta kansa, in don tafiya ɗaya ka saya to ka soke shi kafin 10 ga wata in ba haka ba su cire na gaba. In kuwa ku da yawa ne, ko baƙi suka zo maka daga gida, Schleswig-Holstein-Ticket ya fi, na yini ɗaya ne, har mutum biyar, kuma duk da sunansa yana aiki a Hamburg da Mecklenburg-Vorpommern, ke nan har Schwerin. A ranakun aiki sai daga ƙarfe 9 na safe yake fara aiki, Asabar da Lahadi kuwa tun asuba. Sayen tikiti ɗai-ɗai ga kowa shi ne mafi tsada yawanci, ni na daina.

Tafiyar Schwerin jirgi ɗaya ne daga Hamburg, kamar awa ɗaya da rabi, ka sauka ka taka kaɗan kana tsakiyar gari. Ratzeburg sai ka canja, ta Lübeck ko ta Büchen, daga Lübeck kamar minti 20 ne. Ga inda na sha wuya: tashar jirgin ba a kan tsibirin take ba, tana can yamma fiye da kilomita 2, ni kuma da taurin kai na ce wa uwargida ai ga shi nan kusa mu taka, ƙaramar ta gaji na saɓa ta a wuya, babban yana ta tambaya Baba mun kusa, ita kuwa ba ta ce komai ba sai kallo, kallon da ya fi magana zafi. Akwai bas, ku jira bas.

Abin da ya sa duk da haka na fi son Ratzeburg shi ne ruwan. Garin 'yan tseren kwale-kwale ne, a nan wani malamin makaranta Karl Adam ya horar da 'yan wasan da suka ci zinare a Olamfik na 1960 da 1968, har yanzu za ka ga samari takwas a dogon siririn kwale-kwale suna ja kamar mutum ɗaya. Lokacin zafi akwai jirgin ruwa da ke zaga tafkin, kuma za ka iya bin shi zuwa Rothenhusen da ke ƙarshen tafkin ta arewa ka canja wani ya bi da kai ta kogin Wakenitz har Lübeck, itatuwa sun rufe gefe da gefe, nan ne iyakar Jamus ta Gabas da ta Yamma ta bi kafin 1990. Wannan kuɗinsa daban, tikitin jirgin ƙasa bai shafe shi ba, kuma a hunturu ba ya aiki, don haka duba jadawali tukuna. Sai ka je da jirgin ƙasa ka dawo ta ruwa, ka yi sallah a Lübeck inda akwai masallatai, ka ci abinci, ka kama hanyar gida.

Kwana fa? A ganina Ratzeburg ba ta buƙatar otal, awa huɗu zuwa biyar ka gama da tsibirin har da gidan tarihin masassaƙi Ernst Barlach in kana son sassaƙa. Schwerin ce za ta iya cin kwana biyu. Ka je tsakanin Mayu da Satumba, don a Disamba ƙarfe 4 rana ta faɗi kuma iskar tafki ba ta da mutunci. Lahadi shaguna a rufe suke, gidajen tarihi da yawa kuma ba sa buɗewa Litinin. Batun abinci kifi ne mafita a bakin tafki, amma ka tambaya ko an soya dankalin da naman alade don suna yawan yin haka, mu dai tun daga ranar nan uwargida ke dafo shinkafarta a kula.