Na kai mota folish cikin hunturun Jos, Baba ya ce sai hantsi

Motata Corolla ce baƙa, ƙirar 2010, kuma duk wanda ya taɓa riƙe baƙar mota a Jos cikin watan Janairu ya san wahalar da nake sha. Ka wanke ta da yamma, kafin gari ya waye ta koma ruwan toka kamar an barbaɗa mata garin rogo. Ƙurar ma da sauƙi. Abin da ya hana ni sakat shi ne siraran zanen nan masu kama da saƙar gizo-gizo da ke fitowa a kan bonet da zarar rana ta haska ta. Ni na jawo wa kaina, don shekara 2 ina barin yaron gidanmu yana goge ta da busasshen tsumma kowace safiya, ni kuma ina yaba masa ƙoƙari.

Abokin aikina ne ya yi mini kwatancen wurin: wajen wankin mota ne a bayan wani gidan mai, rumfar kwano ce da aka rufe gefe uku da tamfol, ko allon suna babu. Na isa ƙarfe 7 na safiyar Asabar don in riga kowa, da rigar sanyi har biyu a jikina. Mai wurin dattijo ne marar yawan magana. Ya ɗora bayan hannunsa a rufin motar, ya ɗan yi jim, ya ce, "Yallaɓai, wanki za mu yi yanzu. Kaki kuwa sai hantsi ya dubi ludayi." Na ce, "Haba Baba, ai sauri nake." Ya ce in sauri nake akwai masu yi nan take a gaba kaɗan, shi dai ba ya shafa kaki a kan ƙarfe mai sanyi.

Raina ya ɗan ɓaci, amma na zauna, kuma zaman ya yi mini rana. Jos tana kan tudu, sama da mita 1,200, shi ya sa da asubar hunturu sanyi kan sauko kusan digiri 10, wani lokaci ƙasa da haka, kuma nan ne iyakar da yawancin masu yin kakin mota ke cewa kada a shafa a ƙasa da ita. Dalilin mai sauƙi ne. Kakin yana gauraye da wani sinadari da ke tausasa shi, wanda dole ya bi iska kafin a goge. In jikin mota ya yi sanyi sinadarin ba ya tashi da wuri, sai kakin ya yi ta jan maiƙo, ka goge nan ya koma can. Ga shi kuma yana daskarewa a gwangwaninsa kamar man shanu, mai shafawa ya ɗebo da yawa ba tare da ya sani ba. Baba ya aiki yaro wurin mai shayi ya karɓo ruwan ɗumi a bokiti, ya tsoma gwangwanin a ciki. Na duba jikinsa na ga an rubuta carnauba, wato kakin da ake samu daga ganyen wata bishiya dangin giginya da ke arewa maso gabashin Brazil.

Wankin kansa ya burge ni. Sun fara yayyafa wa ƙasan rumfar ruwa don kada ƙura ta tashi. Sannan suka daɗe suna watsa wa motar ruwa zalla kafin wani ya taɓa ta da hannu. Ƙurar hunturu, wadda kaso mai yawa nata iska ke kwasowa daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi, laushi gare ta a ido kawai. A ƙarƙashin tsumma yashi ce, kankare fenti take yi. Bokiti biyu suka ajiye, ɗaya na kumfa ɗaya na ɗauraye soso, kuma sabulun mota suka zuba. Garin sabulun wankin kaya, in ji Baba, shi ke cinye kaki cikin wanki biyu ko uku.

Wajen ƙarfe 11 aka fara ainihin aikin. A nan na san cewa abin da muke haɗawa mu kira folish abu biyu ne. Folish na gaskiya yana da ɗan kaushi, yana cin wani siririn sashe na fatar sama ta fenti har zanen ya baje. Kaki ba ya cin komai, riga ce ake sa wa fenti. Don haka Baba bai yarda a riƙa yin folish kowane wata ba, ya ce fatar ba ta sake tsirowa. Da injin hannu ya bi bonet da ƙofofi a hankali, ya kwashe fiye da awa ɗaya. Kakin kuwa da hannu ya shafa, siriri ƙwarai har sai ka karkata kai za ka gan shi, ƙofa ɗaya bayan ɗaya. In ya shafa ya jira, sai ya ja yatsa a kai: layin ya fita tas, a goge, ya bar maiƙo, a ƙara jira. Bai bari an fitar da motar rana ba kuma, don ranar tsakar hunturu tana gasa baƙin fenti, kakin ya ƙame ya ƙi goguwa. Ashe tsakanin sanyin safe da zafin azahar 'yar tazara ce kawai, ita yake fako.

Ba komai ne ya yi mini daɗi ba. Wurin zama benci ɗaya ne, a bakin iska, leɓena har ya tsage. Ba sa karɓar kati, sai da na taka zuwa wurin mai POS. Ɗaya daga cikin yaran kuma ya goga kaki a baƙar robar gindin gilashi ya bar farin tabo. Baba ya yi masa faɗa ya sa shi cirewa da tsohon buroshin haƙori, amma har yau akwai ɗan saura kusa da madubin hagu. Na biya naira 15,000, na bar wurin bayan azahar. Wanda ke da ɗaurin aure ranar, kada ma ya fara.

Yau mako 3 ke nan. Na je Bauchi na dawo sau biyu. Ƙura tana sauka kamar kullum, kaki ba ya hana ta, amma yanzu ruwa kaɗai ke zubar da mafi yawanta, kuma ruwan yana dunƙulewa ƙwaya-ƙwaya a kan bonet yana gangarewa. Saƙar gizo-gizon nan ta tafi, sai ka ƙura ido za ka ga kaɗan a kan but. Dogon zanen da mai Keke Napep ya yi mini a ƙofar baya yana nan daram. Tun farko Baba ya sa farce a ciki ya ce wannan ya wuce folish, aikin mai fenti ne. Busasshen tsumman nan kuwa na ƙwace shi daga hannun yaronmu, yanzu takalmi nake gogewa da shi.