"Results may vary" ko "Your mileage may vary", wanne za ka rubuta?

Masu tallar kaya a WhatsApp nan Katsina, musamman matan da ke saida sabulun gyaran fata da haɗin ƙiba, su kan so su ce sakamako ba lallai ya zama iri ɗaya ga kowa ba, sai a rasa wanne za a sa cikin biyun nan.

"Results may vary" ita ce mai sauƙi, kowa zai gane, ta shiga talla ta shiga takardar ofis, ɗalibin Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua (UMYU) ma zai iya sa ta a furojet ba mai ce mashi komai. Amma don Allah a bar s ɗin a jikin results, kar a kai ta vary, "result may varies" da ake ta gani a sitatus ba Turanci ba ne, bayan may aikatau ba ya ɗaukar s.

Ita ko "your mileage may vary" 'yar Amurka ce, daga tallar motoci ta fito a shekarun 1970, ana gaya ma mai saye cewa nisan da galan ɗaya na mai zai kai shi ya danganta da tuƙinshi da hanya, direbobin Daura sun san wannan ba sai an faɗa masu ba. Yanzu nufinta ni dai ya yi mani, kai ƙila ba zai yi maka ba, shi ya sa ta fi dacewa da hira tsakanin abokai, har gajarta ta ake yi YMMV. Ka sa ta a tallar sabulu kuwa, Hajiya za ta zaci mota kake saidawa.