Ƙarin waya ga fitilar tankin kifi: ta wajen soket ko ta wajen ƙwai?

Wani ɗan'uwa daga Ƙofar Ƙaura ya tambaya: yana da tankin gilashi na kifin ado da fitilar metal halayid mai wat 250, amma soket na nesa kamar mita 5. Wace waya zai ƙara, ta soket zuwa cok (akwatin da ke daidaita wutar da ke zuwa ƙwan) ko ta cok zuwa ƙwai?

Malam, ƙara ta wajen soket. A ido wayoyin biyu kamar ɗaya suke, amma abin da ke bi ta cikinsu ya bambanta.

Wayar soket zuwa cok wutar gida kawai take ɗauka, bolt 230, kuma cok mai kafasita (ƴar na'urar da ke tara wuta) na wat 250 bai cika jan fiye da amp 1.5 ba. Waya mai ƙwaya 3, kaurin milimita 1.5, ta isa har da rara. Mafi kyau ka kwance tsohuwar gaba ɗaya ka sa sabuwa doguwa wadda ba haɗi a tsakiyarta, da filogi mai fis na amp 5. Kankare bakin wayar tun a shago: in ciki ya yi fari, alminiyom ne aka shafa wa jan ƙarfe, bar musu abinsu.

Wayar cok zuwa ƙwai kuwa, nan rigimar take. Lokacin kunnawa, ignita, wato ƴar na'urar tayar da ƙwai da ke tare da cok, na harba wuta mai ƙarfin bolt 3,000 zuwa 5,000 don ƙwan ya kama, alhali robar wayar gida an yi ta ne don bolt 300 zuwa 500. Sannu a hankali harbin zai huda robar, sai ka fara jin tas-tas da warin ƙuna. Tsawon kansa matsala ne. Kowace mita ta waya na riƙe ɗan caji, wanda ke shanye harbin kafin ya kai, shi ya sa yawancin ignita masu ƙafa 3 ke so a bar su cikin mita 1.5 zuwa 2 daga ƙwan. In aka zarce, ƙwan zai yi ta ƙyafta bai kama ba, ignita ya yi ta bugawa har ya mutu, mai shi kuma ya ɗora laifi kan ƙwai ya sayo wani.

In dole sai cok ya yi nesa da tanki (dalili ne mai ƙarfi, domin zafin Afrilu a Katsina na wuce digiri 40, cok kuma ƙara ɗumama ruwan yake), to duba wane iri ne naka. In mai nauyin nan ne na ƙarfe da naɗin waya, a ciro ignita a maido shi kusa da ƙwan cikin akwatin da ruwa ba ya shiga, irin mai lamba IP65. Daga cok zuwa ignita waya mai kyau ta milimita 1.5 ta wadatar, daga ignita zuwa ƙwai kuma gajeriyar wayar silikon mai jure bolt 5,000. In mara nauyi ne, wato na ilektironik, ignita a cikinsa yake, ba ya rabuwa. Iyakar tsawon da kamfani ya rubuta a jikinsa ita ce iyakarka.

Ko wacce ka zaɓa, zare filogi tukuna, ka bar ƙwan ya huce, sannan ka gwada kafasita da mitar awon wuta, don tana iya riƙe wuta bayan an kashe. Ban da murɗa waya a naɗe da salatif. Gumin tanki zai shiga, balle in ruwan gishiri ne. A yi haɗi da kwanekta mai noti cikin akwati. Wayar at, wato wayar kariya da ke kai wuta ƙasa, ta kai har jikin ƙarfen murfin fitilar, soket kuma ya kasance bayan RCD mai miliamp 30, wato na'urar da ke yanke wuta da zarar ta fara zurarewa. Bar wayar ta yi lanƙwasa ƙasa da soket, yadda ɗigon ruwa zai sauka ƙasa maimakon ya gangara ciki. Cok a ɗora shi kan tayil ko bulo inda iska ke ratsawa, ba kan kafet ba.

Wajen gwaji kada ka ruɗe: in KEDCO suka ɗauke wuta suka maido, ko ka juya zuwa janareta, ƙwai mai zafi ba zai kama ba sai bayan minti 10 zuwa 15. Halinsa ke nan. Gwada sabuwar wayar da ƙwai mai sanyi. In ya kama cikin daƙiƙu ya kai cikakken haske cikin kamar minti 5, tsawon bai yi yawa ba.