Hattara da masu sayar da dodon koɗin taɓo da sunan Nassarius

Masu kiwon kifin ruwan gishiri a tankin gilashi, a kula. Akwai masu talla a intanet da ke cika leda da dodon koɗi hamsin ko ɗari a farashi mai sauƙi, su ce Nassarius ne mai share tanki. Sau da yawa Ilyanassa obsoleta ne, wanda ake tsinta kyauta a taɓon gaɓar gabashin Amurka ta Arewa. Dangi ɗaya ne, Nassariidae, amma na taɓon ya saba da ruwan da ke yin sanyi. A tankin murjani mai zafin digiri 25 zuwa 26 ba ya daɗewa, kuma idan suka fara mutuwa a ƙarƙashin yashi sai amoniya ta tashi, kifin ma ya shiga uku. Yana kuma iya ɗaukar ƙananan tsutsotsi masu sa fatar mutum ƙaiƙayi.

Gane su ba wuya. Na taɓon ƙwansonsa baƙi-baƙi ne, tsininsa a cinye, yakan kai santimita biyu da rabi. Na gaske, Nassarius vibex na yankin Karibiyan, bai cika wuce santimita ɗaya da rabi ba, ƙwansonsa toka-toka mai ƙuraje. Ku dube shi yana tafiya a jikin gilashi: akwai 'yan wutsiyoyi biyu a ƙarshen ƙafarsa, na taɓon ba shi da su. Ku jefa guntun jatan lande. Na gaske zai ɓullo daga yashi nan da nan, bututun shaƙarsa a miƙe kamar hancin giwa.

Duk wanda ya ce muku na gasken yana cin gansakuka, ko dai bai san kayansa ba ko ya raina muku hankali. Mushe yake ci da ragowar abincin kifi. Shi ya sa lissafin masu talla na "ɗaya ga kowane galan na ruwa" dabarar cinye kuɗi ce kawai. Yunwa za ta kashe yawancinsu. Ku fara da 'yan kaɗan, a yashi mai laushi mai zurfin santimita uku zuwa biyar.

Kafin ku biya, ku nemi cikakken sunan kimiyya da bidiyon ainihin kayan, ba hoton da aka kwaso ba. Idan sun iso, ku sansana kowanne, mataccen wari yake bugawa. Sauran a saba musu da ruwan tankin ɗigo-ɗigo na kusan awa guda, kada kuma su shiga ruwan da aka taɓa zuba wa maganin kifi mai tagulla.