Editor na Microsoft Word da jimlolin "has been": inda yake taimako da inda ba ya isa

Editor shi ne mai duba rubutu da ke cikin Word na Microsoft 365, kuma maɓallin F7 ne ke buɗe shi. Kuskuren haruffa yakan ja masa jan layi, na nahawu shuɗin layi biyu, shawarar salo kuma ɗige-ɗigen shunayya. To, yaya yake da tsarin da ake kira present perfect passive, inda mu za mu ce "an aika wasiƙar", Bature ya ce "The letter has been sent"?

Ginin jimlar sassa 3 ne: has ko have, sai been, sai siffar aikatau ta uku, irin su sent, written, paid. Abu ɗaya yana ɗaukar has, jam'i da I da you suna ɗaukar have. A nan Editor ya fi ƙarfi. Rashin jituwa irin "The files has been deleted" kuskure ne da ke bayyane a kan kalma, kuma irinsa aka ƙera shi ya kama.

Matsalar tana wajen ma'ana. Mutum ya rubuta "The manager has paid" alhali nufinsa an biya manajan. Jimlar lafiyarta ƙalau a nahawu, sai dai ta juya zancen, manajan ne ya zama mai biya. Na'ura ba ta san abin da ke zuciyar marubuci ba, don haka faɗuwar been a irin wannan wuri sai idon mutum. Haka ma "The road has been closed yesterday": da zarar an ambaci lokacin da ya wuce ya ƙare, kamar yesterday ko in 2019, was closed ake so. Has been yana tafiya ne da already, just, yet da since. Kada a dogara da manhaja wajen aikatau marasa karɓau kuma. Happen, arrive da die ba sa shiga wannan tsari sam, "has been happened" ba Turanci ba ne. Sai rikicin been da being, wanda kamannin furuci ke jawowa: bayan has ko have, been ne kullum.

Abin da ya fi ban haushi shi ne shawarar salo. Editor yakan ja layi a ƙarƙashin jimla ingantacciya don kawai ba ta sa mai aikin a gaba ba, ɗalibi ya ɗauka laifi ya yi. Alhali a rahoto da wasiƙar ofis, "Your application has been received" shi ne daidai, tunda ba wanda ya damu da wanda ya karɓa. Ana kashe wannan a Word na Windows ta File, Options, Proofing, a shiga Settings kusa da Writing Style, a cire alamar Passive Voice. Wanda ya riga ya san ƙa'idar zai ji daɗin Editor wajen tsintar tuntuɓen yatsa. Mai koyo kuwa gara ya kashe wannan zaɓin tukuna.